Warsaw: Tsohon Garin da Bai Cika Shekara Ɗari Ba

Duk baƙon da ya sauka Warsaw, babban birnin Poland, wuri na farko da ake kai shi shi ne Tsohon Gari. Lunguna ne matsattsu da aka shimfiɗe da duwatsu, benaye masu hawa uku ko huɗu manne da juna, wannan ruwan ɗorawa, wancan kore, na gaba ja, ga ganuwa ta jan bulo, ga fadar sarki da hasumiyar agogonta. In ba a gaya maka ba, sai ka rantse gidajen sun shekara ɗari uku a tsaye. Alhali dandalin kasuwar da ke tsakiyar unguwar ranar 22 ga Yulin 1953 aka buɗe shi, fadar kuwa sai a 1984 aka fara shigar da jama'a cikinta. Akwai tsofaffi a birnin yau da suka girmi kusan duk bangon da ke wurin.

Masu yi wa baƙi jagora sukan taƙaita labarin: Jamusawa sun rushe a Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Poland sun mayar da komai yadda yake. Rabin farko babu gardama a kansa. Rabi na biyu ne ke buƙatar a zauna, domin ba a mayar da Warsaw yadda take a 1939 ba, waɗanda suka yi aikin ma ba su nufi haka ba. Zaɓe suka yi. An tayar da wani ɓangare na birnin har ya fi da kyau, an binne wani an yi gini a kansa, an bar wani a kwance shekara da shekaru saboda masu mulki ba sa so a tuna da shi.

Rusawar ba a rana ɗaya aka yi ta ba. A 1939 Warsaw tana da mutum kimanin miliyan 1.3, kusan ɗaya cikin uku Yahudawa ne. Jamus ta afka wa Poland ranar 1 ga Satumba, ta yi wa birnin ƙawanya da ruwan bama-bamai har ya miƙa wuya a ƙarshen watan. Ranar 17 ga wata wuta ta kama fadar sarki, agogonta ya tsaya da ƙarfe 11:15. Wannan ɓarnar farko ce, ita ce kuma mafi ƙanƙanta. Ta biyu ta faɗa wa unguwar da Jamusawa suka killace Yahudawa a cikinta, wato geto, inda aka cusa mutum sama da 400,000 a bayan katanga tun Nuwamban 1940. Tsakanin Yuli da Satumban 1942 aka kwashe mafi yawan waɗanda yunwa da cuta suka bari zuwa sansanin kisa na Treblinka aka hallaka su. Ragowar suka ɗauki makami a Afrilun 1943, Jamusawa suka bi unguwar gida-gida da wuta, suka tarwatsa babban wurin ibadar Yahudawa da nakiya ranar 16 ga Mayu, sannan suka baje abin da ya saura. Ta uku boren Warsaw ne. Da ƙarfe 5 na yammacin 1 ga Agustan 1944, rundunar ɓoye ta 'yan Poland, Armia Krajowa, ta far wa Jamusawa, da lissafin za ta karɓe birnin kafin sojojin Sobiyet su iso, ta tarbe su a matsayin mai gida. Lissafin bai fita ba. Sojojin Stalin suka ja birki a tsallaken kogin Vistula, boren ya yi kwana 63, fararen hula tsakanin 150,000 da 200,000 suka mutu.

Ta huɗu ce ta raba Warsaw da sauran biranen Turai da yaƙi ya ci. Bayan miƙa wuya ranar 2 ga Oktoba, an kori sama da rabin miliyan na mazauna ta sansanin Pruszków, gari ya zama ba kowa. Sai aka turo rundunoni na musamman, masu cinna wuta dabam, masu dasa nakiya dabam, suka shafe wata uku suna bin titi-titi bisa umarnin Hitler da Himmler, suna ƙona ɗakunan karatu da rumbunan takardun tarihi da fadoji. Kusan kashi ɗaya cikin uku na birnin a wannan lokaci ya tafi, bayan an daina harbi. Da sojojin Sobiyet da na Poland suka shiga ranar 17 ga Janairun 1945, kimanin kashi 85 cikin 100 na gine-ginen yammacin kogi sun zama kango. Shi ya sa 'yan Poland ba sa kallon abin a matsayin ɓarnar yaƙi kurum. Wanda ya ƙone ɗakin karatu a garin da babu kowa cikinsa ba nasarar soja yake nema ba, so yake a wayi gari babu shaidar cewa mutanen nan sun taɓa yin tarihi.

A farkon 1945 ba a ma tabbatar za a sake gina birnin a mazauninsa ba. Ma'aikatu da dama a Łódź suka zauna, garin masaƙu da yaƙi bai taɓa sosai ba, kuma akwai masu ganin a bar kangon Warsaw haka nan ya zama abin tunawa. Mutanen garin ne suka fara yanke hukunci da ƙafafunsu. Suka riƙa dawowa cikin tsananin sanyi, suna rubuta sunayensu a jikin ragowar bango ko wani ɗan'uwa zai gani, suna kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Sai lissafin masu mulki ya zo daidai da nasu. Gwamnatin gurguzu da Mosko ta ɗora ta san ba zaɓenta aka yi ba, ba kuma ƙaunarta ake yi ba, kuma babu abin da zai saya mata karɓuwa kamar a ce ita ce ta tayar da babban birni. A Fabrairun 1945 aka kafa ofishin sake gina babban birni, wanda aka fi sani da BOS.

A cikin ofishin kansa kai ya rabu biyu. Akwai masu zanen gini 'yan zamani, waɗanda tun kafin yaƙi suke kukan Warsaw ta cushe, gidajen haya sun toshe iska da hasken rana. A wurinsu, duk da baƙin cikin abin da ya faru, fili ya samu na shimfiɗa manyan tituna da unguwanni masu bishiyoyi. Sai kuma masu kula da gine-ginen tarihi ƙarƙashin Farfesa Jan Zachwatowicz. Shi ya san sarai ƙa'idar sana'arsa a Turai ita ce a kiyaye abin da ya rage, kada a ƙirƙiro abin da ya ɓace. Da saninsa ya karya ta. Hujjarsa, kamar yadda ya bayyana a 1946, ita ce al'umma da gine-ginen tarihinta abu ɗaya ne, kuma tunda da gangan aka rushe su don a shafe al'ummar, dole a tayar da su daga tushe, ko da kayan ginin ba na asali ba ne, domin 'yan baya su ga siffarsu. Daga ƙarshe aka yi raba daidai. Masu tarihi suka samu Tsohon Gari, da Sabon Gari da ke jikinsa, da titin sarakuna da ya miƙe kudu daga fada. Sauran birnin aka bar wa 'yan zamani da 'yan siyasa.

To, da me aka yi koyi? Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na Bernardo Bellotto, mai zane ɗan Italiya da ya yi wa sarkin Poland na ƙarshe, Stanisław August Poniatowski, aiki har ya rasu a Warsaw a 1780. Ya zana titunan birnin da ƙwarewar da har tagogi ana iya ƙirgawa. Zane-zanen sun sha yawo: an kwashe su zuwa Rasha a ƙarni na 19, an dawo da su a 1922, Jamusawa suka sake ɗauke su, aka kuma karɓo su bayan yaƙi. Guda 22 suna rataye yau a ɗaki ɗaya a fadar sarki, kuma a titin Krakowskie Przedmieście an kafa kwafinsu a wuraren da ya zana, don mai wucewa ya dubi zanen, ya ɗaga kai ya dubi titin. Baƙi sukan jinjina yadda mai zanen ya kama titin daidai, suna manta cewa titin ne aka gina ya kama zanen. Kuma Bellotto ma'aikacin fada ne, yakan ƙawata abin da ya gani don ran maigida ya yi daɗi. Akwai gine-ginen da aka mayar bisa zanensa da adon da masana ke shakkar sun taɓa samu a zahiri.

Sai dai labarin Bellotto ya danne wani da ya fi shi nauyi. Kaɗan ne cikin zane-zanensa suka shafi cikin Tsohon Gari. Abin da magina suka fi dogara da shi awo ne da taswirar gidaje da malamai da ɗaliban sashen zanen gini na babbar makarantar fasaha ta Warsaw suka yi kafin yaƙi, gida-gida, ƙofa da taga da matakala, aka ɓoye takardun aka fitar da su daga birnin kafin wuta ta cinye su. An haɗa da tsofaffin hotuna da abin da aka tono daga baraguzai: duwatsun bakin ƙofa, ƙarafan tagogi, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ba su rufta ba. In ka lura da ƙofofin gidajen dandalin kasuwa za ka ga wani dutse ya yi duhu ya guntule, na kusa da shi sumul. Mai duhun shi ne ya ga yaƙin.

A nan ne gizo ke saƙar. Tsohon Gari na 1939 unguwar talakawa ce. Masu kuɗi sun daɗe da barinta, gidaje sun tsufa, an cike tsakar gidaje da ƙarin ɗakunan haya marasa iska, ganuwar ma an yi gini a jikinta har yawancinta ba a gani. Ba wannan aka dawo da shi ba. Masu aikin sun tsallaka baya zuwa ƙarni na 17 da na 18, zamanin da unguwar ke hannun attajirai, suka ɗauko fuskokin gidajen wancan lokaci. Ƙarin ɗakunan nan ba a sake gina su ba, aka bar tsakar gidaje fili da ciyawa, aka tone ganuwa aka fito da ita sarari. Bayan fuskar ƙarni na 18 kuwa, gidajen zama ne irin na shekarun 1950, da famfo da makewayi da bututun ɗumama ɗaki, gwamnati ce ke rabawa. Babbar majami'ar Saint John ta fi kowane gini nuna abin. Kafin yaƙi tana da fuska irin ta salon Ingila da aka yi mata a ƙarni na 19. Zachwatowicz ya yi watsi da ita, ya zana wata ta jan bulo bisa yadda ake zaton majami'ar take a farkon gininta. Babu wani mai rai da ya taɓa ganin wannan fuska kafin a gina ta, amma yau ita ake nuna wa baƙi a ce ga tsohuwar Warsaw.

Gine-ginen ƙarni na 19 ne suka fi shan kashi, domin ana kallon su a matsayin gadon mulkin sarakunan Rasha da na 'yan jari-hujja. Da yawa sun ƙone amma bangonsu na tsaye, aka ƙarasa su don a faɗaɗa tituna irin su Marszałkowska. Har yau masana tarihi a Poland na jayayya kan yawan abin da aka rushe bayan 1945 wanda da an so da an gyara.

Kayan aiki fa? Poland ba ta karɓi tallafin Marshall da Amurka ta ba ƙasashen Turai don farfaɗowa bayan yaƙi ba, Mosko ta hana. Taken lokacin shi ne al'umma duka ce ke gina babban birninta, kuma ba maganar fatar baki ba ce. An kafa asusun da ake tara kuɗi daga ko'ina a ƙasar, ma'aikata da 'yan makaranta da sojoji suka riƙa fitowa ranakun hutu suna jeruwa, ana miƙa bulo hannu da hannu, ana kankare shi a sake amfani da shi, wasu da son ransu, wasu don babu damar cewa a'a. Abin da ba a cika gaya wa baƙi ba shi ne inda sauran bulon ya fito. Bayan yaƙi an matsar da iyakokin Poland yamma, ta rasa Lwów da Wilno a gabas, ta samu garuruwan da a da na Jamus ne, irin su Breslau da ya koma Wrocław. Daga waɗannan garuruwa aka riƙa lodin bulo a taragu zuwa Warsaw, ba daga kango kaɗai ba, har da gidajen da za su gyaru. Barbakan, ginin tsaron ƙofar gari da baƙi ke tsayawa hoto a gabansa, da bulon Nysa da Wrocław aka tayar da shi a farkon shekarun 1950. Mutanen waɗancan garuruwa ba su manta ba.

Ranakun buɗe ayyukan ma kansu magana ce. 22 ga Yuli ranar bikin gwamnatin gurguzu ce, don haka a ranar aka buɗe babbar hanyar da ta ratsa ta ƙarƙashin dandalin fada a 1949, a ranar aka buɗe dandalin kasuwa a 1953. A Fabrairun wannan shekara ta 1953 aka rataye Janar Emil Fieldorf, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Armia Krajowa, a kurkukun Mokotów da ke cikin birnin. Gwamnatin da ke mayar da bangon da mayaƙan bore suka mutu a bayansa ita ce ke ɗaure waɗanda suka tsira daga cikinsu. An yarda a tuna da rusawar, tunda laifin Jamusawa ne. Boren kuwa an fi so a yi shiru a kansa, domin tambayar da za ta biyo baya ita ce me sojojin Sobiyet suke yi a tsallaken kogi. Babban ginin tunawa da boren sai a 1989 aka ƙaddamar da shi, gidan tarihinsa kuwa sai 2004, a tsohuwar tashar wutar lantarki da ke unguwar Wola. Yanzu duk 1 ga Agusta da ƙarfe 5 na yamma jiniya kan tashi a faɗin birnin, motoci da masu tafiya su tsaya cik na minti ɗaya.

Fadar sarki ma siyasa ce ta riƙe ta. Jamusawa sun ƙarasa ta da nakiya a Satumban 1944, majalisa ta zartar a 1949 cewa za a sake gina ta, amma aka bar wurin a kwance fiye da shekara 20, Tsohon Gari sabo fil a gefe, tsakiyar dandalinsa wawakeken fili. Władysław Gomułka, shugaban jam'iyyar gurguzu mai mulki, bai ga dalilin da gwamnatin ma'aikata za ta kashe kuɗi kan gidan sarauta ba. Sai da Edward Gierek ya karɓi mulki, bayan harbin ma'aikatan da suka yi zanga-zanga a garuruwan gaɓar teku a Disamban 1970, yana neman abin da zai sanyaya zukata, sannan aka ba da izini a Janairun 1971. Da gudummawar jama'a aka yi aikin, har da 'yan Poland mazauna ƙetare. Abin da ya taimaka shi ne tun 1939 Stanisław Lorentz, shugaban gidan tarihi na ƙasa, da ma'aikatansa sun yi kasadar ciro ƙofofi da guntayen adon bango da na rufi sun ɓoye, aka mayar da dubbansu mazauninsu. A Yulin 1974 aka tayar da agogon hasumiya daga ƙarfe 11:15.

Daga Tsohon Gari, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa yamma za ta kai ka Muranów, kuma a ganina wanda bai taka can ba rabin labarin ya ji. Babu abin da zai ja idonka da farko: benaye na gidajen jama'a, tituna masu faɗi, bishiyoyi, yara a filin wasa. Sai daga baya za ka lura wasu gidajen suna bisa tudu, sai an hau matakala daga titi kafin a kai ƙofarsu, alhali Warsaw shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce. Tudun nan geto ne. Baraguzan sun yi yawan da kwashe su ya gagara, sai mai zanen gini Bohdan Lachert ya tsara unguwar a kansu a ƙarshen shekarun 1940, aka niƙa wasu aka buga bulon da aka yi ginin da shi. Nufinsa a bar bangon ba filasta, jansa ya riƙa tuna wa mutane abin da ke ƙasa. Hukuma ta ga abin ya yi muni ga birnin gurguzu mai farin ciki, ta sa aka shafe shi aka yi masa ado.

A nan babu wanda ya nemo taswira ko tsohon zane. Titunan da kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin suka yi kasuwanci da ibada a kansu, wasu an karkatar da su, wasu sun ɓace ɗungurungum. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsohon Gari yana da masu dawowa su ce a mayar mana, geto kuwa masu shi sun ƙare a Treblinka. Abin da ke wurin yau alamu ne: ginin tunawa da jaruman geto na 1948, wanda aka yi da dutsen da 'yan Nazi suka yi odarsa don nasu gine-ginen nasara, inda shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Willy Brandt ya durƙusa ranar 7 ga Disamban 1970, gidan tarihin Yahudawan Poland, POLIN, da aka buɗe a 2013 yana fuskantarsa, da wani layi da aka shimfiɗa a wasu wurare a gefen titi yana nuna inda katangar ta bi. Mutane na taka shi su wuce zuwa wurin aiki.

Tsakiyar birnin kuma Stalin ne ya sa mata hannu. Fadar Al'adu da Kimiyya, mai tsawon mita 237, kyauta ce daga Tarayyar Sobiyet, an gina ta daga 1952 zuwa 1955 a kan unguwar da aka share mata. Kyautar da ba a iya ƙi ce. Bayan faɗuwar gurguzu a 1989 an yi ta kiran a rushe ta, amma a 2007 aka sa ta cikin gine-ginen tarihi, aka kuma kewaye ta da dogayen benaye na gilashi, ciki har da Varso mai mita 310. Daga hawa na 30 ana ganin birnin duka, a nan ne kuma mutum ke gane ƙanƙantar Tsohon Gari: ɗan jan tabo ne a bakin kogi.

Duk wannan bai yiwu ba sai da wata doka ta 26 ga Oktoban 1945, wadda ake kira dokar Bierut da sunan shugaban ƙasar na lokacin, da ta mayar da dukkan filayen Warsaw hannun hukuma. Ba don ita ba, da kowane titi sai an yi shari'a da magada kafin a shimfiɗa shi. Amma diyyar da aka yi alkawari ba a biya yawancinta ba, tsugune kuma ba ta ƙare ba. Bayan faɗuwar gurguzu magada suka dawo da takardu, 'yan damfara suka riƙa sayen haƙƙin gado da araha suna karɓe benaye sukutum, aka yi ta korar 'yan hayar da iyayensu ne suka gyara gidajen da hannunsu. Badaƙalar ta fashe a 2016, har aka kafa kwamitin bincike na musamman.

Ko Tsohon Gari na gaske ne ko na jabu, tambaya ce da masana suka daɗe suna kai kawo a kanta. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda ita ce ƙa'idar masu kula da gine-ginen tarihi, ba ta goyon bayan sake gina abin da ya ɓace. Duk da haka UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 1980, kuma abin da ta karrama shi ne aikin sake ginin kansa. Mu da muka san gidan ƙasa, gardamar ba ta kama mu yadda ta kama Turawa. Katangar da ake yi wa yaɓe shekara-shekara, bayan zamani biyu da wuya a sami ƙasar farko a fuskarta, amma ba wanda zai ce ba gidan kakansa ba ne. Sai dai kwatancen yana da iyaka. Yaɓe bin sawun abin da ke tsaye yake yi, hannu ɗaya yana karɓa daga wani. A Warsaw igiyar ta tsinke, mazauna sun sauya, kuma an zaɓi ƙarnin da za a koma. Ni dai ina ganin unguwar ta gaske ce, amma shaidar shekarun 1945 zuwa 1955 ce, shaidar abin da mutanen da aka so a shafe suka ga ya kamata a ce su ne. Wanda ya je neman ƙarni na 17 a cikinta zai sami ƙofofi da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kawai. Duniya ma ta matso kusa da ra'ayin Zachwatowicz. Bayan masu ɗauke da makamai sun rushe hubbarorin waliyyai a Timbuktu a 2012, maginan garin ne suka sake tayar da 14 daga ciki, da goyon bayan UNESCO. A 2018 kuma, ana tsaka da tunanin yadda za a yi da Halab ta Siriya da Mosul ta Iraƙi, waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita, a fadar sarki ta Warsaw aka yi taron da ya fitar da shawarwarin sake gina wuraren tarihi bayan yaƙi.

Mai son ganin Warsaw da ba a sake ginawa ba, sai ya haye gada zuwa Praga, gabashin kogi, wadda sojojin Sobiyet suka karɓe tun Satumban 1944, don haka masu nakiya ba su kai gare ta ba. Can ne ake ganin gidajen haya na ƙarni na 19 da bulonsu a waje, wasu da ramukan harsashi, irin gidajen da aka ƙi mayarwa a ɗaya gaɓar. Musulmin da ke neman nasa sawun kuwa zai same shi a maƙabartar Tatar da ke titin Tatarska, wadda ke nan tun 1867. Kafin yaƙi Musulmin birnin sun yi nisa da shirin gina babban masallaci a unguwar Ochota, har an yi gasar zane, yaƙi ya katse. Sai a 2015 aka buɗe cibiyar Musulunci mai masallaci a unguwar.

Aikin kansa bai ƙare ba. A dandalin Piłsudski akwai wani guntun baranda mai bakuna uku, sojoji na gadinsa dare da rana: kabarin sojan da ba a san sunansa ba. Shi kaɗai ne ya rage daga Fadar Saxon, inda masana lissafin Poland suka yi aikin warware sirrin na'urar Enigma ta Jamus a shekarun 1930, wadda Jamusawa suka tarwatsa a Disamban 1944. A 2021 majalisa ta zartar da dokar sake gina fadar, an kuma fara tone tushenta. Masu goyon baya na cewa wannan ne babban giɓi na ƙarshe a tsakiyar birnin. Masu adawa na cewa guntun barandar da ke tsaye shi kaɗai a fili ya fi kowane gidan tarihi faɗar abin da aka yi wa Warsaw, kuma in aka mayar da shi cikin sabon gini, baƙon da zai zo nan da shekara 50 ba zai san an taɓa rushe komai a wurin ba.